Tambarin radiyo a kan kaya: yadda ake jera eriya don lissafin mangaza ya fito daidai

Duk wanda ya taɓa rufe shago kwana biyu don ƙidayar kaya ya san wahalar abin. A sauke diloli, a kwance kwalaye, yaro ɗaya na ƙirgawa, wani na rubutawa a littafi, a ƙarshe kuma a tarar turmi bakwai sun yi ɓatan dabo. Daga nan sai kallon-kallo. Maigida ya zargi yaron shago, yaron shago ya ce ƴan dako ne, ƴan dako su ce haka aka lodo kayan daga can. Zumunci da yawa ya lalace a kasuwanninmu a kan lissafin da babu mai iya rantsuwa a kansa.

Manyan kamfanonin ciniki na duniya sun daɗe suna neman maganin wannan ciwo. Abin da suka tsaya a kai shi ne wani ɗan tambari da ake liƙa wa kaya, wanda ake karantawa ta igiyar radiyo. Masana na kiransa RFID, mu kuwa a nan za mu ce masa tambarin radiyo. Hajiyoyi masu sayar da gwanjo sun sha riƙe shi a hannu. Kamfanin Decathlon na Faransa, alal misali, yana ɗinka shi a cikin ƴar takardar da ke gefen riga. Ki ɗaga takardar zuwa hasken rana, za ki hango wani siririn zane na ƙarfe da ɗan ɗigo a tsakiyarsa. To shi ne.

Yau kamfanonin ƙasar Sin ma suna ƙera na'urorin karanta wannan tambari, kuɗinsu ya sauko, kuma ɗan kasuwar da ke zuwa sarin kaya waje yana iya cin karo da mai tallarsu. Mai talla zai nuna akwati ɗaya da eriya huɗu ko takwas, ya ce da an kafa su a ƙofar mangaza, lissafi ya gama kansa. Kafin Alhaji ya zaro kuɗi, ya kamata ya san cewa sayen akwatin shi ne mai sauƙi. Inda aka kafa kowace eriya, da ƙarfin da aka ba ta, da lokacin da aka ware mata, su ne ke sa lissafi ya zama gaskiya ko ƙarya.

Tambarin da babu batir

Abu biyu ne a cikin tambarin: ƴar ƙwayar lantarki mai kamar ƙwayar yashi, da siririn zanen alminiyom wanda shi ne eriyarsa. Babu batir. A ɗaya gefen akwai akwatin karatu, wanda ake jona wa eriya da waya. Eriya ta watso igiyar radiyo, tambarin ya tsotsi ɗan ƙarfi daga cikinta ya farka, sa'an nan ya ba da amsa ta hanyar maido da wani ɓangare na igiyar, kamar yadda yara ke haska bango da madubi a rana. Amsar tasa lamba ce kurum, wadda galibi ake rubutawa da haruffa da alƙaluma 24. Kwamfuta ce ke riƙe da bayanin cewa lamba kaza turmin atamfa ne, launi kaza, an saro shi ran kaza.

Kun san zanen nan na layuka baƙi da fari da ke bayan kwalin sabulu ko na madara. Shi sai an nuna masa haske ɗaya bayan ɗaya. Tambarin radiyo kuwa ana jinsa daga cikin kwali rufe, daga nisan mita da dama, kuma akwati mai kyau na karanta ɗaruruwa cikin sakan guda. Ba ya magana da tauraron ɗan Adam, ba ya nuna inda mutum yake. Da ya fita daga gaban eriya ya koma takarda kawai, don haka mai sanye da rigar gwanjo ya kwantar da hankalinsa.

A watan Yuni na 2003 ne kamfanin Walmart na Amurka ya umurci manyan masu kawo masa kaya guda 100 da su liƙa tambarin a kwalayensu kafin Janairun 2005. A ƙarshen 2004 aka amince da ƙa'idar da ake kira Gen2, wadda ta sa tambarin wannan kamfani da akwatin wancan ke fahimtar juna. A 2014 kamfanin Inditex na Sipaniya, mai shagunan Zara, ya bayyana shirinsa na sa shi a tufafinsa. Su ma waɗannan manya sun sha fama a farko, musamman da kaya masu ruwa da masu ƙarfe.

Me ya sa eriya ɗaya ba ta isa

Kowa ya san yadda ake yi da akwatin radiyo idan tasha na shashsheƙa: a ja eriya, a juya ta gabas, a matsa kusa da taga, sai murya ta fito garau. Matsalar ɗaya ce a nan, illa dai tambarin da ke cikin dila babu mai juya shi.

Dalili na farko, eriyar nan faranti ce mai kusurwa huɗu, faɗinta wajen santimita 25 zuwa 30, kuma gabanta kawai take watsa igiya, kamar hasken tocila. A nisan mita ɗaya, faɗin wurin da take haskawa bai wuce mita ɗaya da wani abu ba. Ƙofar mangazar da kamiyo ke ja da baya ya tsaya a bakinta ta fi ƙarfin eriya guda.

Na biyu, kwanciyar tambari. Tambarin dogo ne siriri. In ya ba eriya faɗinsa, tana jinsa sosai. In kuwa ya nuna mata tsininsa, kamar yadda ake nuna mutum da yatsa, da wuya ta ji shi ko da yana kusa. A cikin kwali ɗaya wani tambari na tsaye, wani na kwance, wani ya karkace.

Na uku, amsa-kuwwa. Igiyar radiyo na dukan rufin kwano da ƙofar ƙarfe ta dawo, ta gamu da wadda ke fitowa. A wani gurbi su haɗu su ƙara ƙarfi, a wani gurbi su kashe juna. Tsawon igiyar da ake aiki da ita wajen santimita 35 ne, saboda haka tsakanin mataccen gurbi da na gaba da shi abin bai kai taƙi guda ba. Tambari na iya zama a gaban eriya sosai, amma ya faɗa mataccen gurbi ya yi shiru. Eriya ta biyu da ke kallo daga wata kusurwa tana da nata matattun gurabe a wasu wurare dabam, don haka abin da ya kuɓuce wa wannan sai waccan ta kama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Baki huɗu, magana ɗaya-ɗaya

Akwatin karatu na da bakuna inda ake jona wayoyin eriya. Speedway R420 na kamfanin Impinj baki huɗu gare shi, ana kuma iya ƙara masa marabar waya har ya ɗauki eriya 32. FX9600 na kamfanin Zebra akwai mai huɗu, akwai mai takwas. Abin da mai talla ba ya cika faɗi shi ne, eriyoyin ba su aiki a lokaci guda. Akwatin na kunna ta ɗaya na ɗan lokaci, ya kashe, ya kunna ta biyu, haka har ya zagayo, kamar zubin adashi: kowa da ranar ɗaukarsa.

Ga lissafi mai sauƙi. A ce an ba kowace eriya kwatan sakan. Eriya huɗu za su zagayo cikin sakan ɗaya. Eriya goma sha shida kuwa sai sakan huɗu. Ɗan dako mai sauri na ƙetare bakin ƙofa cikin sakan biyu ko ƙasa da haka. Ke nan in an jona eriyoyin ƙofa a akwati ɗaya da na kantocin ciki, yana iya wucewa da dila a ka alhali akwatin na can yana sauraron kanta ta baya. Kaya sun fita, littafin kwamfuta na cewa suna nan. Yawan eriya a nan ya zama illa.

Don haka gwanaye ke raba aikin. Wurin da kaya ke motsi, wato ƙofa, a ba shi eriya kaɗan masu saurin zagayowa, in da hali da akwatinsa shi kaɗai. Wurin da kaya ke zaune, wato kantoci, yana jure eriya da yawa, tunda kayan ba gudu za su yi ba. Bakin da ba a jona masa eriya ba kuma a kashe shi a cikin tsarin akwatin, kada a riƙa ɓata lokaci a kansa. In an ga wata eriya ta fi sauran aiki, ana iya ƙara mata lokaci ko a sa zagayen ya biyo ta kanta sau biyu.

Jera su a bakin ƙofa

Tsarin da aka fi yi shi ne eriya huɗu: biyu a dama, biyu a hagu, ɗaya ƙasa wajen tsayin ƙugu ko gwiwa, ɗaya sama ta sunkuyo kaɗan tana kallon kayan. In ƴan dako a ka suke ɗauka, na saman su ne masu aiki. In da amalanke ake turowa, na ƙasan ne. Wasu na rataya ta biyar a saman ƙofa tana kallon ƙasa, saboda tambarin da aka liƙa a murfin kwali. Eriyoyin akwati ɗaya ko suna kallon juna babu laifi, tunda ɗaya ce ke magana a kowane lokaci.

Eriyar kanta iri biyu ce. Akwai mai miƙaƙƙiyar igiya, wadda ke kai nisa amma sai tambari ya kwanta daidai da ita. Ta dace da wurin da kai ne ke liƙa tambarin da kanka, kullum a gefe ɗaya, a kwance iri ɗaya. Akwai kuma mai igiya mai murɗawa, wadda ke jin tambari ko yana tsaye ko yana kwance, sai dai tana asarar wajen rabin ƙarfi. Ga kayan da ke zuwa a hargitse, kamar yadda namu ke zuwa, mai murɗawar ce ta fi dacewa.

A kuma lura da abin da ke gaban eriya. Ginshiƙin ƙarfe, ko ƙyauren da ake buɗewa ya rufe mata fuska, ko tulin buhuna da aka jibge a gabanta don wuri ya ƙure, duk suna makantar da ita. Eriyar da amalanke ya buge ta karkace ma ta daina kallon inda aka sa ta. A ɗaure ta da kyau, a yi mata kariya ta katako ko ta roba, a sa alama a bango don a gane in ta goce.

Ƙarfi ba a ƙure shi

Mutum zai ɗauka cewa in an ƙure ƙarfi an fi jin kaya. Gaskiya ne, amma har da kayan da ba a tambaya ba. Eriyar ƙofa mai ƙarfi da yawa za ta jiyo turamen da ke zaune a kanta kusa da ƙofar, kwamfuta ta rubuta sun fita. Za ta jiyo kayan da ke cikin kamiyon da ba a sauke ba, ta ce sun shigo. A layin da shaguna ke manne da juna, bangon katako ko labule ba ya tare igiyar, sai ta shiga lissafin maƙwabci. Ko ɗan dako mai sanye da rigar gwanjo wadda tambarinta ke da sauran rai zai shiga littafi, in ba a umurci kwamfuta ta karɓi lambobin da suka fara da alamar gidanka kaɗai ba.

Ana auna ƙarfin da wani ma'auni da ake rubutawa dBm. Lamba 30 wat ɗaya ce, 27 rabin wat, 24 kwatan wat: duk saukar uku, ƙarfi ya rabu biyu. A fili, in aka mayar da ƙarfi kwata, nisan karatu na raguwa da rabi. Akwati mai kyau na barin a ba kowace eriya nata ƙarfin. Dabarar ita ce a fara daga ƙasa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har a ji dukan kayan da ke wucewa, a ɗan ƙara saboda ko-ta-kwana, a tsaya nan.

Waya ma na cin ƙarfi. Siririyar wayar nan mai araha da ake kira RG-58, mita shida kacal na cinye wajen rabin ƙarfin kafin ya kai eriya. Mai kauri irin LMR-400 sai ta haura mita ashirin kafin ta ci haka. Ke nan in eriyar hagu na da waya mita biyu, ta dama na da mita goma, ba ƙarfi ɗaya ke isa gare su ba ko da lamba ɗaya aka sa masu. A kafa akwatin kusa da eriyoyin, a taƙaita waya, kada a lanƙwasa ta sosai, a kuma ɗaure mahaɗinta tamau don ƙurar hunturu da ɗanshin damina. Araha ba ta ado.

Wanda ya amsa ya yi shiru

Tambari ɗaya na iya amsa wa eriya uku sau hamsin kafin ya wuce ƙofa. Aikin kwamfuta ne ta haɗe su ta rubuta turmi ɗaya. Amma akwai wata matsalar: tamburan da ke bakin kwali, masu jin igiya da ƙarfi, suna ta amsawa suna cinye lokaci, na tsakiyar dila masu raunin murya ba su samun shiga. Kamar taron da mutum biyu suka kankane magana.

Ƙa'idar Gen2 ta tanadi maganin haka da tsari huɗu, daga S0 zuwa S3. A S0, tambari na manta cewa ya amsa da zarar igiya ta ɗauke, don haka duk eriyar da aka kunna sai ya sake amsawa. A S1, wanda ya amsa yana yin shiru na tsawon rabin sakan zuwa sakan biyar. A S2 da S3, yana riƙe shirunsa muddin yana cikin igiya, har ya ƙara aƙalla sakan biyu bayan ya fita. In kaya da yawa ne ke wucewa a dunƙule, sa masu amsawa su yi shiru na ba na tsakiya dama.

Sai dai kowane zaɓi da abin da yake ci. In ana son sanin ko kaya shiga suka yi ko fita, akan sa eriya ɗaya ta kalli ciki, ɗaya ta kalli waje, a duba wadda ta fara ji da wadda ta ji daga baya. Tambarin da ya yi shiru bayan amsar farko ba zai amsa wa ta biyu ba, sai alƙibla ta ɓace. Shi ya sa wasu ke ƙara ɗan idon lantarki a bakin ƙofa, wanda ke gane wucewar mutum ya kuma tada akwatin. In kuma akwati biyu ne a mangaza ɗaya, su kam suna iya magana lokaci guda su toshe wa juna kunne. Sai a nisanta eriyoyinsu, a hana su kallon juna, a sa su a tsarin da aka tanada don wurin da akwatuna suka yi yawa.

Ruwa da ƙarfe

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai kayan da ko an jera eriya goma ba za a ji tsakiyarsu ba. Ruwa na shanye igiyar, ƙarfe na maido ta, kuma tambarin da aka liƙa kai tsaye a jikin ƙarfe yana kurumcewa. Atamfa, shadda, takalma, kayan roba da busassun kaya a kwali suna da sauƙi. Kwalin tumatirin gwangwani, tukwanen alminiyom, ganyen shayi mai takardar ƙarfe a ciki, lemun kwalba da ruwan sha, duk masu wuya ne. Buhun albasar Galmi ma haka, domin albasa kusan kashi tara cikin goma ruwa ce. Jikin mutum shi ma ruwa ne: ɗan dakon da ya rungume kwali, tambarin na manne da ƙirjinsa, ya rufe shi.

Ga irin waɗannan kaya, a liƙa tambarin a bayan kwali, a gefen da ke kallon eriya, a wurin da akwai iska tsakaninsa da abin da ke ciki. Na ƙarfe kuma akwai tambari na musamman mai kauri, ya fi tsada. A koya wa masu lodi su riƙa juyo tamburan waje.

Masu harkar dabbobi su sani cewa ɗan kunnen lantarki da ake sa wa bisashe, irin wanda Tarayyar Turai ta wajabta wa tumaki da awaki tun 2010, wani iri ne dabam. Yana aiki a kan kilohas 134.2, jikin dabba ba ya hana jinsa, amma nisansa bai cika kai mita ɗaya ba, kuma akwatin mangaza ba ya karanta shi.

Zangon da akwatin ke magana a kai

Mu ma'aikatan radiyo mun san cewa babu tashar da ke hawa zangon da ta ga dama. Hukuma ce ke rabawa. Akwatin karatu shi ma ƴar tashar radiyo ce. Wanda aka ƙera don Turai na aiki tsakanin megahas 865 da 868, na Amurka tsakanin 902 da 928, na ƙasar Sin tsakanin 920 da 925. Yawancin tambura na amsawa a duka ukun, amma akwati da eriya kowanne da yankin da aka yi shi dominsa. Eriyar Amurka a jikin akwatin Turai asarar ƙarfi ce.

Abin lura shi ne, a rabon da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta yi, Nijar da sauran Afirka yanki ɗaya suke da Turai, kuma wayoyinmu na salula na aika magana zuwa ga turakun kamfani tsakanin megahas 890 da 915. Akwatin Amurka ke nan yana taka wani ɓangare na hanyar salula, yana iya dagula kiran mutane, su ma wayoyin su dagula masa karatu. Hukumar ARCEP ce ke kula da rabon zango a ƙasarmu. A tuntuɓe ta kafin a yi oda, a kuma sa mai sayarwa ya rubuta zangon akwatin da na eriya a takardar ciniki.

Sai zafi da wuta. Yawancin akwatunan an yi su ne su jure har wajen digiri 50 ko 55. Ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, a Tawa ko Damagaram, wuri ne da bai kamata a maƙala shi ba. A sauko da shi inda iska ke ratsawa. In wuta ta ɗauke kuma akwatin ya kurumce, duk abin da ya wuce a lokacin bai shiga littafi ba. Batirin ko-ta-kwana na cikin kuɗin da za a lissafa tun farko.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Kada a biya cikon kuɗin mai haɗawa sai an yi gwaji a gaban maigida, da kayan gidan, ba da kwalayen da shi ya zo da su ba. A ƙirga kaya ɗari da hannu, a ɗaure su yadda aka saba, a wuce da su sau ashirin shiga, sau ashirin fita, wani da sauri, wani a hankali, wani a ka, wani a amalanke. A rubuta abin da kwamfuta ta ce kowane karo. In mai haɗawa ya ce ai 99 cikin 100 ya yi kyau, a tuna masa cewa a cikin turmi 500 wannan na nufin biyar sun ɓace a kowace saukar kaya, kuma a wuyan wani za a rataya su.

Daga nan a ajiye kaya a ciki kusa da ƙofa, kada a taɓa su, a ga ko za a rubuta sun fita. A gwada ƙyaure a buɗe da rabin rufe. A kashe eriya uku a bar ɗaya, bi da bi, don a san aikin da kowace ke yi. Wadda ba ta ƙara kome ba a sake mata wuri ko a cire ta. In an gama, mai haɗawa ya rubuta a takarda: baki na ɗaya eriyar ina ce, ƙarfinta nawa, lokacinta nawa, wane tsari aka zaɓa. A liƙa wa kowace waya lambarta. Ran da ya yi tafiya, wani gwanin zai san inda zai kama.

Ba kowa ne ke bukatar wannan ɗawainiya ba. Tambarin takarda in an saya da yawa bai kai sefa ɗari ba, amma akwati mai baki huɗu na sanannen kamfani yakan haura jikka ɗari biyar, ban da eriyoyi, waya, kwamfuta da ladan mai haɗawa. Hajiya mai tebur a kasuwar Dole ko a Wadata, idonta da littafinta sun ishe ta. Mai shagon atamfa matsakaici kuwa, akwai ƴar na'urar hannu da ake zagaya kantoci da ita. Tafiyar mai riƙe da ita na yin aikin eriya da yawa, tunda yana sauya kusurwa a kowane taku. Jera eriya a ƙofa aikin babban dila ne, wanda kaya masu daraja ke shiga da fita mangazarsa kullum.

Wanda ya kafa kuma ya ci gaba da riƙe tsohon littafinsa na wasu watanni, yana gwada shi da na kwamfuta. In lissafi ya saɓa, a fara duba eriya da waya, a sake ƙirgawa da hannu, kafin a kira sunan kowa. Yaron da ya yi shekara goma yana riƙe maka mabuɗi ya cancanci a yi masa wannan adalci. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara da zargin wanda bai ji ba bai gani ba.